Fim ɗin kammala karatu na neman cinye kuɗina da amintata

Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, kuma sharaɗin kammala karatunmu shi ne kowa ya kawo gajeren fim da bai wuce minti 10 ba. Saura mako bakwai. Na rubuta labarin wata budurwa da ƙaninta ya saci jiki da motar mahaifinsu da dare ya je ya buga ta, ita kuma ta ce ita ta tuƙa don ta rufa masa asiri. Rubutun ya kai shafi 22, wurare takwas, masu magana 13, har da sin ɗin hatsarin a cikin ruwan sama. Kuɗin hannuna ɗan abin da na tara ne da wanda yayana ya ƙara min. Ɗan ajinmu da zai riƙe kyamara ya ce in ba mu yi hayar babbar kyamara ta kwana uku ba, fim ɗin abin dariya zai zama, hayar kuwa za ta cinye kashi uku cikin huɗu na kuɗin. Har na fara tunanin cin bashi. Ga kuma aminiyata: tun bara na yi mata alkawarin ita ce jaruma, amma sau biyu ba ta zo rihazal ba, ranar da ta zo kuma sai ka ce sanarwa take karantawa. Ina tsoron in canza ta mu ɓata. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Ƙanwarki da ta rasa tudun dafawa

Ƙanwata, sannu da fama. Amsar da ta fi sauƙi zan fara ba ki: kada ki ci bashi, kada kuma ki yi hayar kyamarar nan. Fim ɗin ɗalibi ba ya dawo da kuɗi. Maki za a ba ki, a kalla a aji, in an dace wani bikin fina-finai ya karɓa, amma mai binki bashi ba ya karɓar maki. Wannan mun gama da ita.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duka biyun a kan shafi 22 idona ya tsaya. Masu wannan sana'a suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi: shafi ɗaya na rubutun fim, in an tsara shi yadda aka saba, yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Kenan fim ɗin minti 22 kika rubuta, alhali minti 10 aka ce ki kawo. Ko da wani ya ba ki kyamarar kyauta har da mai riƙe ta, sai kin zubar da fiye da rabin abin da kika ɗauka a wajen tacewa. Za ki biya kuɗin mota, ki tara mutane, ki ƙona batir da yini, duk don ki ɗauki abin da ba mai gani. Abin da kika soke a takarda biro kawai ya ci miki. Kuma minti 10 ɗin iyaka ce aka gindaya muku, ba a ce dole sai kin cika ta ba. Masu shirya bukukuwan gajerun fina-finai sukan jera fina-finai da yawa a zama ɗaya, don haka fim mai minti 7 da ya riƙe mutum ya fi saurin samun gurbi a kan wanda ya yi ta jan jiki.

Wurare takwas ɗin ma haka. Duk sauya wuri yana cin abin da ba a rubuta a kasafi ba: a kwashe kaya, a jira wanda ya ɓata hanya, a sake neman izini, a sake daidaita haske, sannan a tarar maƙwabcin sabon wurin yau ya tashi gyaran rufi. A abin da na gani, ƙaura ɗaya takan ci wa ɗalibai rabin yini. Masu magana 13 kuwa uzuri 13 ne, kowa da jarrabawarsa da hidimarsa, ba kuma wanda kike biya balle ki ɗaure masa fuska.

To ki ɗauki biro ki tambayi kanki: a cikin shafukan nan, wane lokaci ne in aka cire shi babu fim? Ni daga ɗan abin da kika faɗa na riga na hango shi. Lokacin da yarinyar ta tsaya gaban mahaifinta da makullin mota a hannu ta ce "ni ce", ƙanin yana tsaye a bakin ƙofa yana ji, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Nan fim ɗinki yake: ɗaki ɗaya, mutum uku, dare ɗaya. Hatsarin da kike son ɗauka da mota ta gaske a kan titi na gaske shi ne sin mafi tsada da haɗari a rubutunki, kuma irinsa ne ya fi fitowa abin dariya a hannun ɗalibai. Ruwan sama ma ba ya fitowa sosai a kyamara sai an haska shi ta baya da fitila mai ƙarfi. Ga ruwa, ga wayar lantarki a ƙasa, ga mutanen da ba su saba ba. Ban yarda ki sa ɗan kowa a wannan ba. Ki bar hatsarin ya faru kafin fim ya fara. Yaron ya shigo jiƙe sharkaf, hannunsa na rawa har ya kasa zare zoben makullin daga yatsarsa, yayar ta zare masa. A kan rigarsa akwai ɓallin gilashin fitilar mota, ta tsince ta jefa a aljihunta. Daga ciki aka ji mahaifin ya yi gyaran murya. Mai kallo ya riga ya ga hatsarin a cikin kansa, kuma wanda ya gani ya fi duk wanda za ki iya ɗauka muni. Kuɗin wannan sin ɗin bokitin ruwa ɗaya ne da ɓallin gilashi. Ruwan saman kuma ki sa shi a sauti, yana dukan taga.

Kada ki ɗauka wannan ragwanci ne. Robert Rodriguez, wanda fim ɗinsa El Mariachi ya fito a 1992 bayan ya yi shi da kusan dala 7,000 a wani gari na kan iyakar Meziko, sai da ya fara lissafa abin da zai iya samu ba tare da ya biya ba, har da akwatin jita da wani kunkuru, sannan ya ɗora labarin a kansu. Ke ma ki yi lissafinki. Wane ɗaki za a bar miki kwana biyu cur ba a tashe ki ba? Wane dattijo kike da shi da zai zauna ya yi uba? Mako guda ki ba wannan aikin, ki fito da shafi 7 ko 8. Zai yi miki ciwo, musamman maganganun da kika fi ji da su. Ki ajiye tsohon rubutun a wani wuri, ba ƙona shi na ce ki yi ba.

Yanzu ɗan ajinku. Ban ce mugu ba ne. Duk mai koyon kyamara yana mafarkin ranar da zai riƙe babba, kuma hotunan da zai ɗauka da ita shi za su yi wa rana in ya fita neman aiki. Ba laifi ba ne ya so, sai dai da kuɗin yayanki yake so. Abin da bai faɗa miki ba, wataƙila don shi ma bai sani ba, shi ne gangar jikin kyamara kaɗai ba ta ɗaukar komai. Tana buƙatar gilasan da ake ɗaura mata a gaba, da batura, da memori mai sauri, da ƙafa mai ƙarfi, sau da yawa har da mutum na biyu mai kula da fokas, wato daidaita hoto ya fito tar ba dishi-dishi. Masu haya kan nemi a ajiye wani abu, ko su sa ki sa hannu cewa in ta lalace ke za ki biya. Hoton da irinsu ke fitarwa yakan zo a koɗe, da gangan, don a gyara launinsa daga baya, fayilolin kuma na da nauyin da zai durƙusar da kwamfutar ɗalibi. Sannan kwana ukun za su zame miki mari a ƙafa: jarumi ya tashi da zazzaɓi, agogon haya bai san wannan ba. Rabin ranar farko ma wajen lalubo madannai zai tafi.

Maimakon gardama, ki ce masa ku yi gwaji. Ku fara leƙa ma'ajiyar kayan sashenku ku ga abin da ake ba ɗalibai aro, ku rubuta suna da wuri tun kafin 'yan ajinku su wawashe. In babu, ku nemi wayar da ta fi kyau a cikin abokai. Ku je ɗakin da za a yi fim ɗin, ku ɗauki minti ɗaya da haske mai kyau, ku kalla a babban allo. In bayan wannan ya dage sai babbar kyamara, ki ce masa da fara'a ƙofa a buɗe take, ya kawo kuɗin hayar. Yawanci a nan maganar take mutuwa.

In ya ce waya ba ta fim, ki tuna masa Tangerine na Sean Baker, wanda aka ɗauka da wayoyin iPhone 5s guda uku, aka kuma fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance da ke Amurka a 2015. Wayar da ke aljihun yawancin ɗalibai yau ta fi waccan. Amma dole a hana ta yin gaban kanta. In kika bar ta, mutum ya gilma ta gaban taga sai ta canza haske, ya matsa sai ta fara laluben fokas, kuma wannan numfashin da hoto ke yi shi ke tona asirin ɗan koyo. Akwai manhajoji irin su Blackmagic Camera, kyauta, da za su ba ki damar kulle haske da fokas da launi. Ki tsaya a firam (wato hotuna) 24 ko 25 a sakan, saurin shota (tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske) 1/50 na sakan, kada a canza daga farko har ƙarshe. In kin ga fitilun ɗaki suna ƙyaftawa a allo, shota ne bai dace da bugun lantarkin ba: inda wuta ke bugu 50 a sakan 1/50 ake sawa, inda take 60 kuma 1/60. Ki kwantar da wayar, ki ɗora ta a kan ƙafa, ki goge gilashin, ki sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya shigo ana tsakar kuka. Kada a ja hoto da yatsu, a ɗaga ƙafa a matsa kusa.

Amma ga abin da masu kafa hujja da Tangerine suke tsallakewa: waya ta ɗauki hoto, sautin kuwa da kayan ƙwararru aka ɗauke shi daban. Nan nake so kuɗinki ya fara zuwa. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu ko ɗan hatsi-hatsi, wani ma ya ɗauka salo ne. Maganar da ba ya ji kuwa, minti ɗaya ya ishe shi ya cire rai.

Ni da kaina na sha wannan. Fim ɗina na farko, ina ɗaliba kamar ki, a wani ɗakin girki muka ɗauka, yini biyu. Hoton ya yi kyau har muna tafawa. Da dare na sa abin kunne zan fara tacewa, sai na ji wani gurnani a ƙarƙashin kowace kalma. Firiji ne. A wurin ba wanda ya ji shi, don kunnen mutum yana da kara, yana watsar da abin da bai dame shi ba. Makirufo ba shi da kara ko kaɗan. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, firijin yakan yi shiru ya sake tashi, saboda haka duk inda na yanka daga fuskar wannan zuwa ta wancan sai gurnanin ya yi tsalle, ya ɓace, ya dawo. Mako biyu na yi ina kokawa da shi ban ci nasara ba. Daga baya na koyi dabarar masu ɗaukar sauti: a kashe firiji, mai sauti ya jefa makullinsa a ciki, don ba shi da halin tafiya gida sai ya buɗe, ya tuna, ya kunna wa masu gida kayansu.

Sirrin sauti kusanci ne. Duk sanda nisan makirufo da baki ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yakan ragu da kusan desibel 6, alhali hayaniyar ɗaki tana nan yadda take. Shi ya sa ƙaramin makirufon maƙalawa a ƙirji, mai araha, ya fi mai tsada da aka kafa can jikin kyamara. Ki sayi biyu ko ki yi aro, kowanne a jona shi da wata waya a aljihun ɗan wasa tana naɗa. Ki ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai sauraro da abin kunne, ki kuma ba shi ikon ya ce a tsaya in babur ya wuce. Ya riƙa duban ma'aunin ƙarfin sauti a manhajar naɗa, murya mafi ƙarfi ta tsaya wajen desibel -12, don sautin da ya fashe ba ya ɗinkuwa. Kafin kowace ɗauka wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar sin ya tafa hannu sau ɗaya. Da wannan tafin za ki haɗa hoto da sauti a kwamfuta. Ɗaki mai amsa-kuwwa ki cika shi da barguna da labule da katifa a inda kyamara ba ta gani. Kafin ku tashi kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin. Za su yi miki dariya, ki ƙyale su, da shi za ki cike giɓin da ke tsakanin maganganu.

Haske ba zan tsawaita ba. Labarinki na dare ne, amma ba dole ki ɗauka da dare ba: ki toshe tagogi da barguna masu kauri, kin sami daren da ba ya wayewa, mutanenki kuma su kwana a gidajensu. Ki kashe fitilar tsakiyar rufi, ita ke sa idanu su faɗa rami. Fitila ɗaya daga gefe, an tausasa ta da farin ƙyalle nesa da zafin ƙwai, da farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da haske, sun isa. Waya ba ta son duhu, don haka ki ba ta haske fiye da yadda kike so, ki rage a wajen tacewa.

Bayan sauti, sauran kuɗin na mutane ne. Wanda ya ba ki yininsa kyauta, kada ya yi aiki da yunwa, kada kuma ya biya kuɗin mota daga aljihunsa. Wannan ne ke sa a dawo miki rana ta biyu. Sai had-disk ɗaya na ajiye fayilolin fim ɗin. Sannan ki ware kamar kashi ɗaya cikin biyar ki ɓoye, kada ki faɗa wa kowa akwai shi, har mai kyamara.

Na jinkirta maganar aminiyarki ne don ita ce ainihin abin da ya hana ki barci, kyamarar rakiya ta yi. Mai ɗokin abu ba ya ƙin zuwa har sau biyu. Yana yiwuwa raini ne, amma na fi zaton tsoro. Bara da kika yi alkawarin, fim hira ce ta daɗin baki. Yanzu ga takarda, ga idanun mutane, ta ji muryarta da kunnenta, ta kuma san ba ta yi ba. Ba mamaki ƙofar fita take nema, tana jin nauyin ta ce miki ta fasa, ke kuma kina jin nauyin ki ce mata ta sauka. Kowa na yi wa kowa kara, kwanaki na tafiya.

Ki je ki same ta ku biyu. Ban da saƙon waya, ban da gaban 'yan aji. Ki fara da naki laifin, don kina da shi: kin yi alkawarin rol tun kafin ki san me rol ɗin ke buƙata. Ki ce mata wani abu kamar haka: "Fim ɗin nan shi ne sakamakona, kuma na ga kamar na ɗora miki abin da ya takura ki. Ki faɗa min gaskiya, kina son yi ko don ni kike yi?" Sai ki yi shiru, kada ki cike mata amsar. In ta sauke ajiyar zuciya ta ce dama tana jin kunyar faɗa ne, kin huta. In ta ce tana so, to ki ba ta dama ta gaskiya, guda ɗaya, da sharaɗi a fili: rihazal biyu a mako mai zuwa ba fashi, sannan ku ɗauki sin ɗin "ni ce" da waya ku kalla tare. Ki gwada wata ko wasu biyu a wannan sin ɗin, ki kuma sanar da ita za ki yi hakan tun kafin ki yi. Abin da ke kashe aminci a irin wannan shi ne ta ji a bakin wani cewa an maye gurbinta.

In ta tabbata ba ita ba ce, kada ki sallame ta da rol ɗin jeka-na-yi-ka, za ta gane. Akwai aiki na gaske da kike buƙatar amintacce a kai: mai kula da kwantiniti. Ita za ta riƙa ɗaukar hoton komai da waya, ta lura makullin a hannun dama yake ko hagu, ruwan kofi ya kai ina, rigar yaron ta bushe ko a sake jiƙa ta, ta rubuta wace ɗauka ce ta yi kyau. Mai wannan aikin a gefen darakta take zama yini guda. Ban yi miki alkawarin ba za ta yi fushi ba. Tana iya yin mako biyu tana amsa gaisuwarki a daƙile. Amma in kika bar ta a kan kara, fim ɗin ya lalace, duk sanda kika ga fuskarta a allo sai ranki ya sosu, ita kuma a yi mata dariya a zauren da kowa ya san ta. Wannan ya fi wuyar gyaruwa.

Sai dai kafin ki yanke mata hukunci, ki bincika ko laifin na rubutun ne. Mutum yakan yi kamar mai karanta sanarwa in an ba shi maganar da ba mai yin irinta. Ki karanta layukanki da ƙarfi. Duk wanda ya yi miki nauyi a baki ki soke, ko ki bar ɗan wasa ya faɗa da kalmominsa. Kuma kada ki ce wa wanda bai saba ba "ki yi baƙin ciki". Fuska zai yamutsa miki. Ki ba shi abin yi: "ki hana mahaifinki kallon ƙofa", "ki ɓoye hannun da ke rawa". Ki ba hannayensa aiki, ko goge tebur ne. Lev Kuleshov, wani malamin fim na Rasha, ya yi wani sanannen gwaji kimanin shekara 100 da suka wuce: ya ɗauki fuskar wani jarumi da ba ta nuna komai, ya haɗa ta sau ɗaya da kwanon miya, sau ɗaya da akwatin gawa, sau ɗaya da wata mace, masu kallo suka ga yunwa, suka ga jimami, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Kenan in kika nuna makulli a tafin hannu, sannan fuskar yarinya tana kallon ƙasa shiru, mai kallo zai zuba mata tsoron da kansa. Da yawa daga abin da ake yaba wa 'yan wasa a teburin tacewa aka ƙera shi.

Ranar ɗauka ba a fafe gora. Ki zo da jerin duk hotunan da kike so a rubuce, kin yi wa waɗanda in babu su babu fim alama, ki fara da su tun mutane na da ƙarfi. Kowane sin ki ɗauke shi daga nesa sau ɗaya, sannan fuskar kowa daga kusa, sannan ƙananan abubuwa: hannu, makulli, ƙofa, agogon bango. Waɗannan ƙananan su za su cece ki in kina son ɓoye yanka. Ki ja layi a zuci tsakanin uban da 'yar, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin; in ta tsallaka, a allo za a ga kamar duka biyun gefe ɗaya suke kallo, ba juna ba. Kowa da ya fito, da mai ɗakin, su sa hannu a 'yar takardar amincewa, don wasu bukukuwan suna tambaya. In kin ce za a tashi ƙarfe shida, a tashi ƙarfe shida. Kuma kowane dare, kafin ki kwanta, ki kwafe komai wuri biyu, kwamfuta da had-disk, ki buɗe ki tabbatar suna buɗuwa kafin a goge ko da fayil ɗaya daga waya.

Ki lissafa makonninki ta baya. Tacewa ki ba ta mako uku cikakku, don ita ɗalibai suka fi rainawa, ita kuma ta fi cin lokaci. Kenan ɗauka ta faɗo a ƙarshen mako na uku ko farkon na huɗu, da rana ɗaya a ajiye don abin da aka manta. A cikin manhajojin tace fim, DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta da ya ishe ki har gyaran launi da sauti, sai dai yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. In taki ta gaza, Shotcut ko Kdenlive sun fi sauƙi, Audacity kuma na nan don share sauti. Yankan farko zai ba ki haushi, kowa haka yake ji, kada ki ce fim ya mutu. Ki nuna wa mutum uku da ba su san labarin ba, kada ki tambaye su ko ya yi kyau, ki ce su ba ki labarin abin da suka gani. Inda suka ruɗe nan ne aikinki. Waƙar wani shahararre kuma ki rabu da ita komai dacewarta: YouTube na da tsarin da ke gano ta, bukukuwa kuma sukan nemi shaidar izini. Ki nemi ɗalibin kiɗa ya yi miki 'yar gajera, ko ki bar ruwan sama da shirun ɗakin su yi aikin. A irin labarinki ma ni shirun zan zaɓa. Ki fitar da fim ɗin kwana biyu kafin ranar miƙawa, ki kalle shi a wata na'ura daban daga farko har sunayen ƙarshe, ki tabbatar kin rubuta sunan kowa daidai, har na mai ɗakin da na yayanki.

Amma duk wannan bayan kin ga aminiyarki ne. Ki je yau ko gobe, tun kafin ki taɓa rubutun, don ba ki san wa za ki rubuta wa sabon sin ɗin ba sai kin ji ta bakinta. In shafukan sun sauko 8, ki turo min in gani. Ina son in san me uban ya yi da ta miƙa masa makullin.